Tambayoyinku Kan Fasaha: Alam Ɗin Da Bai Tashi Kowa Ba

Makon nan wasiƙun mota ne suka cika akwatin, har na fara zargin wani ya baza labarin cewa na bar gyaran waya na buɗe gareji. Ba komai. Motar yanzu kwamfuta ce aka ɗora wa taya huɗu, ɓarawonta ma ya ajiye guduma ya ɗauki na'ura, don haka ba mu fita daga huruminmu ba. Masu tambayar WhatsApp ku ƙara haƙuri zuwa mako mai zuwa.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Wata uku ke nan da na sa wa motata Corolla ƙirar 2010 alam mai rimot biyu. Ƙara kuwa, ko akuya ce ta goga jikinta da motar sai unguwa ta ji. Ranar Asabar na fito zan tafi masallaci da asuba, sai na tarar da bonet a ɗage, babu batir, babu biren bos, wato kwamfutar da ke sarrafa inji. Ko tari alam ɗin bai yi ba. Jabu aka sayar mini ne? Daga wani magidanci a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar maka da mafi alheri. Amma ka sassauta wa mai shago, kada a yi kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Wanda ya haɗa maka wayoyin shi ya kamata ka nema, daga shi kuma sai kai da ka biya ka ja mota ba ka gwada komai ba sai danna rimot kana murmushi.

Ina jiniyar take? Cikin bonet. Ina take shan wuta? Jikin batir. Batir ɗin fa? Cikin bonet. Biren bos ɗin Corolla daga ƙirar 2009 shi ma can ɗakin inji aka mayar da shi, ba kamar na tsofaffin da ke ɓoye bayan dashbod ba. Wato ka ɗauki maigadi, ka zaunar da shi da dukiyar da abincinsa a ɗaki guda, ɗakin kuma wata siririyar waya ce kaɗai ke riƙe da sakatarsa. Wayar nan da ta taso daga ɗan hannun da kake ja kusa da gwiwarka ta tafi gaban mota, a motoci da yawa ana iya kaiwa gare ta daga waje. Wanda ya san hannunsa ba ya fasa gilashi, ba ya taɓa ƙofa. Bonet zai ɗaga, ya zare kan batir, shi ke nan maigadi ya mutu bai buɗe baki ba.

Za ka ce ai ɗaga bonet ma ya kamata ya tayar da alam. Haka ne, da an sa masa abin da zai sani. A cikin kwalin kusan kowane alam akwai wani ɗan maɓalli mai kama da ƙusa, wanda bonet ke danne shi idan an rufe, da an ɗaga kuma ya saki. Saka shi yana buƙatar huda ƙarfe da jan waya, rewaya, mai haɗa wayoyin mota, kuma yana sauri, ga motoci uku na jiransa. Sai ya bar shi a kwali. A madadinsa ya murɗa mai jin girgiza, wato ɓangaren alam da ke jin an taɓa mota, har ƙarshe, domin idan ka daki taya motar ta kurma ihu ka ce aiki ya yi kyau.

Wannan murɗawar ita ta fi ba ni haushi. Tifa ta wuce, kuka. Aka yi tsawa, kuka. Yara suka buga ƙwallo, kuka. Bayan mako biyu duk maƙwabtanka sun haddace waƙar. Ranar da motar za ta yi kukan gaskiya, wanda ya ji zai ja tsaki ne ya gyara bargo, wataƙila ma ya yi wa ɓarawon fatan sauka lafiya. Kai da bakinka ka ce akuya na tayar da shi, kana faɗa kamar abin yabo.

Masu karatu, ga aikin gida. Ku sauke gilashin direba, ku kulle mota da rimot, ku jira minti ɗaya. Ku zura hannu ta taga ku ja hannun bonet, ku zagaya ku ɗaga shi. Idan shiru kuka ji, abin da kuka saya kayan ado ne.

Yanzu maganin. Farko a sa wancan maɓallin, a rage mai jin girgiza zuwa inda sai an bugi motar da gaske. Na biyu a canza jiniyar zuwa mai ɗan batirinta a ciki, wadda da zarar an yanke mata wuta sai ta fara ihu da nata guzurin. Na uku, wanda shi nake ta wa'azi a kansa ba a ji, a sa wa bonet kulle na daban.

Iri biyu ne. Akwai na ƙarfe zalla: waya ce mai sulke da ke tura sakata, makullinta na cikin mota. Akwai na lantarki da ake haɗawa da alam, idan ka kulle mota wani ɗan ƙarfe ya fito ya riƙe bonet, ko an ja wayar asali ba zai ɗagu ba. Na lantarkin ya fi daɗin sha'ani, amma yana da tarko. Ranar da batir ya mutu, bonet na kulle, batir na ciki, kai kana waje riƙe da wayar jan wuta kana kallon mota kamar baƙo. Shi ya sa na kirki ke zuwa da wayar gaggawa da ake ɓoyewa wani lungu. Ka tsaya a kan rewaya sai ya saka ta, ya nuna maka inda take, ka ja da hannunka ka ga ta buɗe. Kuma ka tabbatar kullen yana sakin bonet muddin inji na aiki. Mota kan yi zafi a hanya, waya kan yi hayaƙi, jami'i kan ce zai duba lambar inji, duk ba lokacin laluben makulli ba ne.

Wanda aljihunsa bai kai nan ba, ya je wajen mai walda a sa masa sarƙa da kwaɗo, a yi wa batir keji. Ban raina wannan ba. Almakashin ƙarfe na yanke sarƙa, amma sai an zo da shi, sai an yi ƙara, sai an ɓata lokaci, ɓarawo kuwa lokaci ne ba shi da shi. Sai dai a nisanta sarƙar da fanka da kan batir, kada garin tsare batir a ƙona mota.

Tunda na fara, bari in ƙarasa. Duk rewayan da ka ga yana fere waya da haƙori, ya murɗa, ya naɗe da baƙin tef, ka karɓi makullinka. A tsohuwar Fijo 504 wannan ya wuce. A motar da kwamfutoci ke magana da juna ta wayoyi biyu, fere waya barkatai na jawo fitilun dashbod da ba ka taɓa gani ba, ko batir ya riƙa zuƙewa cikin dare. A yi haɗi da dalma, a sa fiyus. Kuma kada a cusa akwatin alam ƙarƙashin sitiyari inda kowa ke cusawa, nan ɓarawo ke fara leƙawa. Ni a tawa motar akwai ɗan makunnin da ke yanke wa famfon mai wuta. Inda yake, ni da rewayana kaɗai muka sani, shi ma da zan iya da na sa ya manta.

Tambaya: Malam, motata Lexus ce mai tashi da dannawa. Ƙawata ta ce in riƙa ajiye makullin cikin firij da dare saboda ɓarayi. Gaskiya ne? Daga wata Hajiya a Kaduna.

Amsa: Hajiya, ƙawarki ta ji ƙarshen zance ne ba ta ji farkonsa ba. Makullin irin wannan mota kullum a shirye yake ya amsa idan motar ta kira shi. Ɓarayi biyu kan zo, ɗaya ya tsaya jikin mota, ɗaya ya raɓi bangon gida da na'urar da ke miƙa kiran har inda makullin ke rataye. Makulli ya amsa, mota ta ɗauka kina tsaye kusa da ita, ta buɗe, ta tashi. Alam ba zai yi kuka ba, domin a ganinsa mai mota ce ta zo.

Ƙarfe na tare siginar, daga nan maganar firij ta samo asali. Amma sanyi da laima ba abokan ɗan batirin makulli ba ne. Ki nemi gwangwanin ƙarfe mai murfi, irin na madarar gari, ko jakar da ake sayarwa don haka. Ki saka makullin, ki rufe, ki je jikin motar ki ja ƙofa. Ta ƙi buɗewa, gwangwani ya ci jarrabawa. Makullin ajiya ma a saka shi, ba a bar shi a durowar falo ba.

Kada kuma ki saki jiki. A 2022 wani masanin tsaron kwamfuta a Landan, Ian Tabor, ya tarar an ɓamɓare gefen bambar motarsa RAV4 an taɓa wayoyin fitila, ya ɗauka aikin 'yan ɓarna ne. Daga baya motar ta ɓace. Binciken da shi da wani masanin, Ken Tindell, suka fitar a 2023 ya nuna ta wayoyin fitilar ake shiga a yi wa kwamfutar mota ƙaryar cewa makulli ya zo, na'urar da ake yin wannan da ita kuma an ɓoye ta cikin kwanson sifikar JBL. Nan gwangwani ba ya taimako, kullen bonet ma haka. Abin da ke taimako shi ne sandar ƙarfen nan mai muni da ake maƙala wa sitiyari. Na san ba ta dace da Lexus ba. Ki saya.

Tambaya: Tsakanin alam da tiraka, na'urar nan da ke nuna inda mota take, wanne ya fi? Kuɗin ɗaya gare ni. Daga wani ɗan kasuwa a Kano.

Amsa: Alhaji, tiraka ihu ne bayan hari, sai dai ihun nan yakan dawo da mota. Idan a waje take kwana inda ba mai jin jiniya, sa tiraka, ragowar canjin ka sayi sandar sitiyari.

Abu biyu ke kashe tiraka a ƙasar nan, kuma duka laifin mai mota ne. Layin waya ne a cikinta. An saka, an manta, ba kati, ba data, ba a haɗa shi da NIN ba, har kamfani ya rufe layin. Sai ranar da aka sace mota a buɗe manhaja a ga tana nuna garejin da aka saka ta bara. Ka riƙa dubawa duk Juma'a. Na biyu lambar sirri. Yawancin masu araha da 123456 suke zuwa. A 2022 kamfanin BitSight ya bayyana cewa wata tiraka mai suna MiCODUS MV720 na da ramukan da baƙo zai iya bi ya ga inda mota take, har ya yanke mata mai, kuma wannan lambar na cikin matsalolin. Canza taka yau.

Idan ta faru, ka kai wa 'yan sanda bayanin inda take tare da lambar VIN, wato lambar shaidar jikin mota mai harafi da lamba 17, wadda nake fatan ka rubuta a wani wuri ba cikin motar ba. Kada ka tara 'yan uwa ku bi sawu. Kada ka kashe inji daga waya mota na gudu a titi, akwai bayin Allah a gefen hanya. In kuwa da bindiga aka tare ka, miƙa makulli.

Tambaya: Zan iya jefa AirTag a mota a madadin tiraka? Daga wani ɗalibi a Sakkwato.

Amsa: AirTag, ɗan abin nan na kamfanin Apple da ake maƙala wa kaya don a san inda suke, ba shi da GPS, ba shi da layi. Sai wata iPhone ta gifta kusa da shi yake samun bakin magana, kuma an ƙera shi ya sanar da wanda yake tafiya da shi, ko da mai Android ne. Wato zai gaya wa ɓarawon da kansa. Ƙari ne, ba madadi ba.

Tambaya: Na ga bidiyo ana tayar da Hyundai da wayar cajin waya. Elantra gare ni 'yar Amurka. In sayar? Daga wani malamin makaranta a Gombe.

Amsa: Malam, wayar ba kutse take yi ba, bakin USB ɗin ne kawai ya yi daidai da wani ƙarfe, aka murɗa da shi. Asalin matsalar, Hyundai da Kia da yawa da aka sayar a Amurka wajejen 2011 zuwa 2021, masu makullin murɗawa, ba a sa musu na'urar da ke tantance makulli kafin inji ya tashi ba. Turai ta wajabta ta tun 1998, Kanada tun 2007, Amurka ba ta wajabta ba. Kamfanonin sun fitar da gyaran manhaja a 2023, amma motar da ta riga ta hau jirgin ruwa wa ya kai ta? Idan taka mai dannawa ce, ka yi barcinka. Idan mai murɗawa ce, makunnin ɓoye da sandar sitiyari sun fi sayarwa araha.

Tambaya: Na kulle mota da rimot a bakin kasuwa, na dawo na tarar da ita a buɗe, an ɗauke laftof. Ba a fasa komai ba. Daga wata ma'aikaciya a Katsina.

Amsa: Ba ta kullu ba tun farko. Akwai 'yar na'urar da ke toshe siginar rimot, mai ita na tsaye kusa yana kallonki kina dannawa kina tafiya. Daga yau ki danna, ki ja ƙofa da hannu, sannan ki wuce. Laftof kuma me yake yi a kan kujera?

Tambaya: Ni dabarata, kullum da dare sai in cire kan batir. Yaya ka gani? Daga wani direba a Maraɗi.

Amsa: Ka kashe alam, ka dogara da ɗan batirin tiraka, ka goge agogo da tashoshin rediyo, ka kuma rage wa ɓarawo aikin kwance kai ɗaya. Mayar da shi ka ɗaure.