Wasa ya yi suna, me ya sa ake sallamar waɗanda suka ƙirƙiro shi?

Tambaya: Malam, na ji cewa Microsoft ya rufe kamfanin da ya yi wasan bidiyo na Hi-Fi Rush, alhali wasan ya samu karɓuwa har ya ci lambar yabo. Idan aiki mai kyau ba ya hana kora, to me ke jawo ta?

Amsa: Ɗan'uwa, ni ma abin nan ya tsaya mini a rai. Kamfanin Tango Gameworks da ke Tokyo, mallakin Microsoft a lokacin, shi ya fitar da wasan a Janairun 2023. A Afrilun 2024 wasan ya ci kyautar BAFTA, wata babbar lambar yabo ta Birtaniya, wata guda bayan haka sai ga sanarwar rufe kamfanin tare da Arkane Austin, wani kamfanin wasanni na Microsoft. Mutanen da suka gama murna jiya, yau suna tattara kayansu daga tebur.

Laifin ba na wasan ba ne. Lokacin kullen korona a 2020 kowa na zaune a gida yana buga gem, kuɗi suka riƙa shigowa kamar ruwa, bashi kuma ba tsada. Kamfanoni suka yi ta ɗibar ma'aikata da sayen junansu, suna zaton haka kasuwar za ta ɗore. Daga 2022 kuɗin ruwa ya tashi, jama'a suka koma harkokinsu, masu hannun jari suka fara tambayar riba.

Dubi Microsoft ɗin kansa. A Oktoban 2023 ya kammala sayen babban kamfanin wasanni na Activision Blizzard a kan kusan dala biliyan 69. Wanda ya kashe wannan tsabar kuɗi dole ya nuna inda zai rage, kuma albashi ne mafi saurin taɓawa. Kafin Janairun 2024 ya ƙare Microsoft ya sallami mutum 1,900 a sashensa na wasanni. Sony ya bi baya da 900 a Fabrairu, ya rufe ofishinsa na London Studio.

Sai kuma matsalar da ba a cika faɗa ba: 'yan wasa da yawa sun maƙale wa tsofaffin wasanni irin su Fortnite shekara da shekaru. Sabon wasa, komai kyansa, a kan ragowar lokacinsu yake kokawa, ga shi kuma ƙirƙirar babban wasa yanzu na cin shekara biyar ko fiye.

A ganina zalunci ne shugabanni su yi kuskuren lissafi, mai zane da mai rubuta manhaja su biya. Tango dai ya yi sa'a, kamfanin wasanni na Krafton da ke Koriya ta Kudu ya karɓe shi a Agustan 2024. Ma'aikatan Arkane Austin ba su samu wanda ya ɗauke su haka ba.