Na saka manyan nozul, mota ta koma hayaƙi da shan mai

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Motata Honda ce mai silinda huɗu, ba ta da turbo. Na cire nozul ɗinta na asali, wato masu fesa wa inji mai, masu cc 310 na saka masu cc 550 don ta ƙara ƙarfi. Tun daga ranar take fitar da baƙin hayaƙi, silo, wato aikin inji idan mota na tsaye, ya ƙi daidaita, mai kuma yana ƙarewa nan da nan. An saka ta a kwamfuta ta nuna P0172. Bakanikena ya ce in canza sensa. Mece ce mafita? Daga mai karatu a Kaduna.

AMSA: Wa'alaikumus salam. Malam, kada ka taɓa sensar nan tukuna, gaskiya take faɗa maka. Ma'anar P0172 ita ce mai ya yi wa iska yawa, kuma abin da ke faruwa a injinka ke nan.

Birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, ba ya auna man da ke fita daga nozul. Lokaci kawai yake ƙirgawa, ya buɗe nozul na ɗan ƙiftawar ido ya rufe, bisa lissafin da aka rubuta masa a kamfani cewa nozul ɗin na fitar da cc 310 a minti guda. Kai ka kawo mai fitar da 550, shi kuwa bai sani ba, yana nan yana buɗewa yadda ya saba. Kowace buɗewa tana zuba ƙarin mai kusan kashi 77 cikin 100. Fetur yana ƙonewa tsaf ne idan ya samu awo 14.7 na iska ga awo ɗaya na mai. Sensar salansa, wadda ke auna hayaƙin da ke fita, tana ganin an kauce wa hakan, birenbos yana ta rage mai, amma a yawancin motoci gyaran da zai iya yi da kansa bai wuce kashi 25 ba. Da ya kai iyakarsa sai ya kunna maka wuta.

Abin da ya fi damuna ba kuɗin mai ba ne. Fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke baƙin man da ke jikin silinda, ya gangara ya tsinka wanda ke ƙasa, ringi su fara ci. Fulogi su yi baƙi, matatar hayaƙin da muke kira indomi ta yi zafi har ta narke. Zaro ma'aunin baƙin mai ka shinshina. In ka ji warin fetur, a juye shi yau.

Shawarata ita ce ka mayar da na asali. Ƙarfin inji daga iska yake zuwa, fetur bin ta yake yi. Tunda ba ka saka turbo ba, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, ba ka kuma canza abin da zai ƙara wa injin shaƙar iska ba, ƙananan nozul ɗin sun ishe shi. Ana neman manya ne idan na ciki suna zama a buɗe fiye da kashi 80 zuwa 85 na lokacinsu sa'ad da aka take totur.

In kuwa kana shirin saka turbo, to sai an sake rubuta taswirar mai, wato lissafin da birenbos ke bi wajen zuba mai, kuma aikin mai kwamfuta ne wanda ya san na'ura irin Hondata, in birenbos ɗinka na karɓarta. Zai fara gaya wa birenbos sabon girman nozul, lokacin buɗewa ya dawo kusan kashi 56 na yadda yake. Daga nan sai jinkirin buɗewa, wanda da yawa ke tsallakewa. Kowane nozul yana ɗan jinkiri kafin ya amsa wuta, jinkirin kuma yana ƙaruwa idan batir ya yi sanyi. A silo, inda buɗewar ke da gajarta ƙwarai, ɗan kuskure a nan ya isa ya sa mota rawa ko ta mutu da an kunna fitila da na'urar sanyi. Shi ya sa nake cewa kada a sayi nozul ɗin da bai zo da takardar alƙalumansa ba. A kuma auna juriyarsa ga wuta, domin akwai masu om 12 ko kusa da haka, akwai masu om 2 zuwa 4, kuma saka na biyun inda aka tanadi na farkon yana iya ƙona birenbos.

Sai a ɗaura sensa mai faɗin awo a salansa, a gyara silo, a gyara tafiyar cikin gari har gyaran da birenbos ke yi ya dawo ƙasa da kashi 5, sannan a taɓa cikakken totur. A wannan matakin birenbos ba ya sauraron sensa, taswira kaɗai yake bi. Injin da ba turbo yana son awo 12.5 zuwa 13 na iska ga awo ɗaya na mai, mai turbo kuwa wajen 11.5 zuwa 12. In mai ya gaza a nan, musamman da zafin watan Afrilu, fistin ke narkewa. Duk wanda ya ce zai saita maka wannan da kunne, ɗauki motarka ka bar masa garejinsa.