Wace fulawa ce za ta jure zafin tsakar gida?

Tambaya daga wata mai karatu a Katsina: "Duk fulawar da na saya a bakin titi, da bazara ta shigo sai ta bushe. Ruwanmu na saye ne a wajen 'yan garuwa. Wacce zan saya da ba ta da wahala?"

Hajiya, ki fara da fulawar da ake kira kariya. Tsiron ƙasarmu ne, yana fita da kansa a daji, kuma kumburarren gindin nan nasa rumbun ruwa ne. Ban ruwa sau ɗaya a mako da bazara ya ishe ta, da hunturu kuwa sau ɗaya a mako biyu. Idan ta zubar da ganye lokacin sanyi kada ki ɗauka mutuwa ta yi, ki shiga ɗura mata ruwa. A nan mutane suke kashe ta. Ki matsa gindin da yatsa: in da tauri, lafiyarta ƙalau, in ya yi laushi, ruɓa ta fara saboda yawan jiƙa. Ƙasar da za ki haɗa mata: kwano 2 na yashi, 1 na ƙasar lambu, 1 na takin shanu da ya ruɓe sosai. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa. Amma a kula, ruwan jikin kariya guba ne, don haka a ajiye ta inda yara da awaki ba sa kaiwa, a wanke hannu bayan an yi mata aski.

Ta biyu ita ce bogenbiliya, mai hawa katanga da furanni kamar takarda. Tana son rana ta aƙalla awa 6. Ki haƙa rami mai zurfin santimita 50, nesa da katanga kamar mita 1. Saiwarta ba ta son a taɓa ta, saboda haka kada a zare ta daga leda. A tsaga ledar da reza, a sa ta da ƙasarta gaba ɗaya. Wata 2 na farko ana ba ta ruwa duk bayan kwana 2 ko 3, daga nan a rage. Idan ta yi ganye shar babu fure, ruwa ko takin yuriya ne ya yi yawa. Tana da ƙaya, kada a dasa ta a bakin hanyar wucewa.

In shinge kike so, itacen lalle ya fi mana komai: tazarar santimita 50 tsakanin tushe da tushe, ga ƙamshin fure, ga ganyen ƙunshi. Wardi kuwa ba na gidan da ake sayen ruwa ba ne.

Wani daga Zariya ya ce barandarsa ba ta samun rana, me zai sa a tukunya? Malam, ka nemi moda, mai dogayen ganye tsaye kamar takobi. Tana rayuwa a inuwa, tana jure mantuwa. Ka tabbata tukunyar tana da huda a ƙasa, kuma kada ka ƙara ruwa sai ka tura yatsa cikin ƙasar ka ji ta bushe.

Tambaya ta ƙarshe: "Yaya zan gane mai kyau a wajen mai sayarwa, kuma yaushe ya fi dacewa in saya?"

Ka sayi ƙarama mai sabon toho, ba babbar da ta cika da fure ba. Ƙaramar ta fi arha, ta fi saurin kamawa. Ɗaga ledar ka duba ƙasanta. Idan saiwa ta huda leda ta shiga ƙasa har sai an fizge ta, bar ta, za ta yanƙwane kafin ka isa gida. Juya ganyen ka duba bayansa: farin abu kamar auduga ƙwari ne masu tsotsar ruwan tsiro, kuma za su bazu zuwa sauran shukokinka. Ka kuma tambayi mai lambun ko a rana take ko a ƙarƙashin rumfa. Wadda ta saba da rumfa, ka ba ta mako 1 zuwa 2 tana shan ranar safe kawai kafin ka fitar da ita fili.

Lokacin dashe shi ne bayan damina ta zauna, Yuni zuwa Yuli, da yamma. Dashen Maris ko Afrilu asarar kuɗi ce, sai dai in akwai rijiya a gidan.