Amsa ga ɗan'uwan da ya ce kullum ana cinye shi a shaɗaranji

Assalamu alaikum jama'a. Tun daren jiya na ga tambayar ɗan'uwanmu na Madina, wanda ya ce wata huɗu ke nan yana buga shaɗaranji a waya, makinsa, lambar da ke nuna ƙarfin mai wasa, ya maƙale a 500, yau ya hau gobe ya sauko, yana tambayar wace buɗewa, wato jerin tafiyar farkon wasa, zai haddace, ko kuwa shekara 31 ta yi yawa ya haƙura kawai. Na so in yi shiru don akwai waɗanda suka fi ni hannu a nan, amma wallahi da na karanta sai na ji kamar ni na rubuta.

Ƙanena, kada ka haƙura. Ni ina da shekara 36 na fara sanin yadda doki yake tafiya. Kun dai san aikinmu na tuƙin gida a Jidda, rabinsa jira ne: ƙofar makaranta, ƙofar asibiti, gindin kasuwa. A wannan jiran na fara. Amma ba waya ce ta fara ƙona mini rai ba, mutum ne, kuma ɗan garinmu.

Akwai wata gahawa da muke zama bayan isha'i, wasu na wasan karta na balot, wasu na wasan keram, a can gefe kuma allon shaɗaranji guda ɗaya. Mai allon wani dattijo ne da ya shekara talatin a ƙasar nan, kowa Baba yake ce masa. Ba zan faɗi sunansa ba, wasu a nan sun san shi. Na je da ladabina na ce, Baba ina so ka koya mini. Ya ce zauna, da bugawa ake koyo. Ya tura sojan gaban sarki, na tura nawa. Ya fito da waziri can gefe, na fito da doki. Ya fito da giwa. Na ce bari in kori wazirin nan da ɗaya dokin. Kafin in ɗauke hannu sai na ji "kish mat!" da ƙarfi, wato sarkina ya mutu wasa ya ƙare, har masu balot suka waiwayo. Tafiya huɗu. Ko shayin da na sa a kawo mini bai iso ba.

Abin da ya fi ci mini rai, sati biyu cur yana yi mini wannan abu ɗaya. Kullum sai ya kira mutane su zo su gani, ya ce ga ɗalibinsa ya zo karɓar darasi. Na ce Baba, don Allah nuna mini inda nake kuskure. Sai ya yi dariya ya ce wai shi ma ba wanda ya nuna masa, wai kan direba na sitiyari ne. Mutumin da muke gaisawa a masallaci fa. Wata rana na yi dabarata na tura soja gidan g6 (kowane gida a allo da harafi da lamba ake kiransa) tun da wuri don in tare wazirin, sai ya cinye sojana na tsakiya da kish, wato hari a kan sarki, ya wuce ya ɗauke ƙal'ata ta lungu, mai kama da hasumiyar nan. Ranar har da tafi. Wani yaro Bayamane mai kawo shayi ne ya ji tausayina, ya ja ni gefe ya ce, ya Hajji, wannan ai ita ce dabarar Nabiliyon, yara ma sun san ta. Gidan f7 ake nufi, don babu mai gadinsa sai sarki kaɗai. Ka fara kare sojan tsakiya da doki a c6, in giwa ta fito sannan ka tura g6, waziri ya koma f3, ka sa ɗaya dokin a f6, shi ke nan magana ta mutu. Abin da yaron nan ya faɗa mini a tsaye da tire a hannu, shi ne dattijo ya ɓoye mini kwana goma sha huɗu.

Ban gama da shi ba tukuna, ku yi haƙuri. Bayan kamar wata biyar ina ta fama, rannan Allah ya ba ni sa'a na kama masa waziri da doki, irin cin nan da Larabawa ke ce wa shauka, doki ya ba sarki kish yana kuma kallon waziri. Jikina har rawa yake. Mutane suka taru, wannan karon ba shi ya kira su ba. Can hannun rigata ya goge wata giwa ta karkace, na sa yatsa na gyara mata zama. Sai ya ce a'a, ka taɓa, dole ka tafi da ita. Shi da kullum yake mayar da tafiya yana cewa "tsaya, ban saki ba", ba wanda ya taɓa ce masa uffan. Dokar gaskiya ce, wanda ya taɓa da niyya sai ya tafi da abin da ya taɓa, mai son gyara kuma sai ya faɗa kafin ya kai hannu. Amma ni ban sani ba, shi kuma bai taɓa faɗa ba sai ranar da ta yi masa rana. Na ba da giwar a banza. Duk da haka ina gaba, na kai soja ƙarshen allo na yi sabon waziri, ya rage daga shi sai sarki tsirara. Zuciya ta ɗebe ni, na matse shi a lungu ba tare da kish ba, ya rasa gidan zuwa. A dokar wasan, wannan canjaras ne. Ya miƙe yana kaɗa riga yana cewa dara ta ci gida. Daren nan ban runtsa ba, na rantse har asuba allon nake gani a silin. Har yau in na tuna sai na ji wani abu ya tokare mini ƙirji, shekara uku ke nan.

To, maganar buɗewa da ka tambaya. Ka bar haddar nan. Ni ma na ɓata wata guda ina haddace tafiya goma sha biyu na wata buɗewa, abokin wasa ya kauce a tafiya ta uku, na tsaya ina zare ido. A maki 500 ba buɗewa ke kashe mu ba, kyauta muke yi. Ka koma wasanninka goma na ƙarshe ka ƙirga sau nawa ka ajiye doki ko giwa a inda za a ɗauka ba tare da ka rama ba. Za ka ji kunya, ni ma na ji. Abin da ya fitar da ni daga 500 abu ɗaya ne: duk lokacin da abokin wasa ya tafi, kafin in tuna abin da nake so, sai in tambayi kaina, shi me yake nema da wannan? Sannan gidan da zan sauka, wa yake kallonsa? Na kan zauna a kan hannuna a zahiri, don hannun ya fi kaina sauri. Na buɗewa kuwa ya ishe ka ka kama tsakiya da soja, ka fito da dawakai da giwaye, ka yi tabyit, wato tafiyar da sarki ke ɓuya a lungu kusa da ƙal'a, ya shiga ɗaki da wuri, kada ka fito da waziri yawo tun da safe. Ka kuma riƙe lissafin nan a ka: soja 1, doki da giwa 3 kowanne, ƙal'a 5, waziri 9. Na daɗe ina ba da ƙal'a in karɓi doki ina murna wai mun yi musaya.

Kuma ka daina wasan minti uku da na minti ɗaya. Na san daɗinsa, kamar gyaɗa ne, in ka fara ba ka tsayawa. Amma ba ka koyon komai, kuskure ɗaya kake maimaitawa sau hamsin a dare. Mu da muke kallon su Magnus Carlsen, kamar lokacin da ya ci gasar nan ta Riyad a 2025 ya doke Alireza Firouzja a wasan ƙarshe, sai mu ga suna tafiya kamar walƙiya mu ce haka ake yi. Su tun suna yara suka zauna da allon awa da awanni. Ka buga na minti 15 mai ƙarin daƙiƙa 10 a kowace tafiya, guda biyu a rana sun isa, in an cinye ka ka buɗe wasan ka nemo inda ya karye kafin ka shiga wani. A manhajar Lichess duba wasa da wasannin warware matsala duk kyauta ne, ba ruwanka da biyan riyal ko ɗaya. Sai dai kada makin can ya ruɗe ka, daga 1500 suke fara sa mutum, ba ɗaya ba ne da na manhajar Chess.com. Na taɓa zuwa ina wa wani abokina fankama da wannan, ya kwashe da dariya.

In an ci ka biyu a jere, ajiye wayar. Wannan da kuka nake faɗa maka. Akwai daren da na zubar da maki sama da ɗari ina neman ramuwa, na makara sallar asuba, na kuma makara kai yara makaranta, maigida ya yi mini faɗan da ban taɓa ji ba. Kun san dai malamai sun yi saɓani a kan wasan nan tun da can, ni ba malami ba ne, amma ranar na gane cewa in ya kai ga taɓa salla ko aka sa kuɗi, to babu sauran wani saɓani. Ko shayi ban yarda a yi caca da shi ba yanzu.

Wani abu kuma, ka koyi ƙarasa wasa. Ka ajiye sarki da waziri a kan sarki shi kaɗai ka yi ta kashewa har ya zama ba ka tunani, sannan ƙal'a biyu, sannan ƙal'a ɗaya. Da na san wannan da Baba bai kaɗa mini riga ba. Kullum kafin ka matse sarki ka duba, in ba kish ba ne, yana da gidan zuwa?

Shekaru kuwa, Viswanathan Anand yana da 48 ya ci gasar duniya ta wasan sauri a Riyad a Disambar 2017. Ban ce za mu zama shi ba, shi tun yana ƙarami ya fara. Amma kai da ka taso kana ganin dara a gindin bishiya, ka san tsofaffi ne ke cinye samari. Ni yanzu ina tsakanin 1150 da 1200, ba wani abin a zo a gani ba ne, amma na koma gahawar nan bara na ci Baba uku a jere. Ya ce wai ciwon kai yake yi. Tun daga ranar in ya hango ni sai ya ce allon ba ya nan, an ara.

Ka sayi allo na hannu ko na shagunan abu hamsa masu kayan araha ne, ido yana gani daban a kan allo. In ka shigo Jidda ka yi mini magana ta akwati mu buga, ni ina nuna wa mutum inda ya yi kuskure. Ka turo wasanka biyu da aka ci ka a nan ma mu duba tare. Ga yaran sun fito, bari in tada mota.