Filin Tambaya da Amsa: Wai me ake gani a fim ɗin Satya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya. Yayana ne ya dame ni da zancen wani tsohon fim ɗin Indiya mai suna Satya, wai duk finafinan 'yan daba na yanzu a wajensa suka koya. Na nema na kalla amma gaskiya ban ga abin zuzutawa ba, jarumin ba ya ko murmushi, babu faɗan da mutum ɗaya zai watsa mutum ashirin, kuma har fim ya ƙare ba a gaya mana daga ina ya zo ko su wa suka haife shi ba. Ni ne ban gane ba ko dai yayan nawa son tsohon abu ne kawai ke damunsa?
Daga mai karatunku a Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Yayanka yana da gaskiya, amma kai ma ba laifinka ba ne, mu da muka tashi da fim ɗin Indiya an saba mana da tsari ɗaya: bos ya kashe uban yaro, yaro ya girma ya rama, a yi rawa a kan dutse, shi ke nan. Satya ya fito a 1998 kuma daraktansa Ram Gopal Varma da gangan ya ƙi bin wannan hanyar. (Wanda bai kalla ba ya yi haƙuri, zan ɗan fasa labarin.)

Abin da ka kira gibi, wato rashin tarihin jarumi, shi ne farkon gwanintar. Satya, wanda J.D. Chakravarthy ya fito a matsayinsa, ya shigo Mumbai ne kamar dubban masu shigowa neman abinci kullum, ba wanda ya san shi ba wanda ya damu ya sani, ya samu ɗan aiki, rigima ta haɗa shi da wani ɗan daba Jagga, aka ƙulla masa sharri aka kai shi gidan yari, a can ya haɗu da Bhiku Mhatre, wani shugaban 'yan daba, suka fara da dambe suka ƙare da abota. Da an nuna mana an kashe masa uwa da sai mu ce ai ramuwa yake, mu yafe masa komai. Varma ya hana mu wannan uzurin, sai ka ga kana son mutumin alhali kana kallonsa yana kisa, kuma ba ka da hujjar da za ka kare kanka da ita.

Sannan ka koma ka dubi Bhiku da kyau, don ni a wajena shi ne fim ɗin. Manoj Bajpayee, wanda ya fito a Bhiku, ya samu lambar yabo ta ƙasa ta Indiya a kan wannan fitowar. Mutum ne mai harbi ba tunani, amma in ya koma gida matarsa Pyaari, wato Shefali Shah, ta tsare shi da masifa kan yawon dare yana kame-kame kamar kowane magidanci, ga yara, ga dariya, ga tsokanar abokai. Varma ya sha faɗa cewa kisan Gulshan Kumar mai kamfanin waƙoƙi na T-Series, da aka harbe a Mumbai a watan Agustan 1997, yana cikin abin da ya sa shi tunanin yadda masu irin wannan aikin suke rayuwa tsakanin kisa da kisa, me suke ci, da wa suke hira. To wannan tsakanin ne ya ɗauka. Marubutan su ne Saurabh Shukla, wanda ya fito a Kallu Mama, wani dattijo a dabar su Bhiku, da Anurag Kashyap lokacin yana matashi sosai, shi ya sa maganganun suka fito irin na bakin titi ba irin na jarumin da ke jawabi ba.

Wajen da na fi jinjina wa daraktan kam shi ne mutuwar Bhiku. Ana cikin murnar cin zaɓen ubangidansu Bhau, ana raha, kawai sai harsashi, babu kiɗan gargaɗi babu dogon wasiyya a cinyar aboki, kafin ka gyara zama an wuce wajen. Mun saba in babban ɗan wasa zai mutu sai an ba shi minti biyar yana magana, nan kuwa an nuna maka a wannan harkar ran babba da na yaro duk farashinsu ɗaya. Haka fitowar sinima, inda 'yan sanda suka tare ƙofofi Satya ya yi harbi don mutane su rude ya samu ya fice da budurwarsa Vidya, aka tattake bayin Allah da ba ruwansu. Fim ɗin bai wanke shi ba, kuma bai wanke 'yan sandan da ke harbe mutane ba tare da an je kotu ba.

Kyamarar ma ka lura da ita, lunguna ne da ɗakuna masu duhu da ruwan sama da cunkoso, ba Suwizalan ba. Waƙoƙin Vishal Bhardwaj ne da Gulzar, kuma ko waƙar 'yan daban a maɓoyarsu suke yin ta cikin maye. Inda zan yarda da kai cewa ba abin zuzutawa shi ne soyayyar Satya da Vidya, Urmila Matondkar da ta fito a Vidya ta yi ƙoƙari amma wajen yana ɗan ja.

Ka sake kallo ka bar jiran faɗa, ka sa ido kan Bhiku da Kallu Mama. In ya shige ka sai ka nemi Company na 2002, shi ma na Varma ne, da Ajay Devgn da Vivek Oberoi da Mohanlal, can kuma ya nuna daba a matsayin kamfani mai shugaba da ma'aikata da lissafin riba.