Amsa kan kalmar interweave da inda ake tuntuɓe da ita

Ɗan'uwa, ka tambayi ma'anar interweave, da dalilin da ya sa malami ya ja maka jan biro a kan "the two stories was interweaved". Kuskure biyu ne a wurin, amma bari mu fara da ma'anar.

Kalmar haɗi ce: inter daga Latin, wato tsakani, sai weave, saƙa. Dubi masaƙi a bakin aiki. Zaren tsaye yana miƙe, ƙoshiya tana ratsa shi da na kwance, ta hau wannan ta bi ta ƙarƙashin wancan. Ka matso da ƙyallen kusa da ido, jan zare yana nan ja, fari yana nan fari, amma ba ka isa ka zare ɗaya ba sai ka ɓata saƙar. To, interweave ke nan. Shi ya sa fassara ta da cakuɗa ko gauraya ba ta zauna ba. Wannan aikin mix ne ko blend, inda abu kan ɓace cikin ɗan'uwansa. An fi jin interweave ma a kan labarai, tarihi da rayuwar mutane fiye da zare na gaske.

Yanzu kuskurenka. Wannan aikatau ba ya bin tsarin ƙara ed. Siffofinsa uku ne: interweave, interwove, interwoven, daidai da speak, spoke, spoken. In abu ya wuce kuma an ambaci mai yi, sai "She interwove red and white threads". In kuwa was, were, is, are, has ko have ta gabata, interwoven ce, ban da interwove. Gyaran jimlarka: "The two stories were interwoven". Were, tunda labaran biyu ne.

Tushen ruɗanin shi ne ita weave ɗin fuska biyu gare ta, ta saƙa da ta kurɗawa. Mai babur da ke kurɗawa tsakanin motoci ana ce masa "he weaved through the traffic", kuma daidai ne. Wasu ƙamusu har sun karɓi interweaved, amma a jarrabawa ba zan ba ka shawarar gwada ta ba.

Abokiyar tafiyar interweave with ce: "fact interwoven with fiction". Kada ka sa "to" ta Turanci. Kuma sai da abu biyu ko fiye, zare ɗaya ba ya saƙa kansa.

Intertwine kuwa tufka ce, murɗe abu biyu kamar igiya. Tana karɓar ed lafiya lau, kuma a maganar rayuwa ko ƙaddara tana iya tsayawa a madadin interweave.

Wajen rubuta interweaving, e ɗin ƙarshe faɗuwa take. Wajen furuci ƙarfin murya yana kan weave, a ja wasalin, haƙoran sama su taɓa leɓen ƙasa wajen faɗin v. In ka haɗe leɓɓa biyu, mai sauraro zai iya jin weep, wato kuka.