Yarinyata bata cika shekara uku ba, in kaita kallon rawar bale a hutun Disamba?

Tambaya: Salam Anti. A Birmingham muke zaune ni da maigida, yarinyarmu wata huɗu ya rage ta cika shekara uku. Tunda ta ga masu rawar bale a talabijin kullum sai ta ɗage ƙafa tana juyi a falo har ta faɗi. Yanzu ga tallan wasan bale mai suna Nutcracker ko'ina a gari har jikin bas, na duba tikitin mutum uku kuɗin ya kusa cefanenmu na sati biyu. Dan Allah in saya ko in haƙura? In kuma zan saya wace kujera ta fi?

Amsa: Wa'alaikis salam 'yar uwa, Allah ya raya mana ita. Bari in faɗa miki kai tsaye, bana kam karki sayi tikitin babban wasan, ki riƙe kuɗinki. Ba wai ina nufin ki kashe mata sha'awar ba, a'a, akwai wanda aka yi daidai ita, zan zo kansa.

Kafin ma a yi maganar kuɗi akwai dokar shekaru, kuma turawan nan basa ɗaga ƙafa a kanta. Royal Opera House da ke Landan misali, basa barin yaron da bai kai shekara 5 ba ya shiga babban hol ɗinsu ko da tikiti a hannunsa. Kowane gida da nasa tsarin, toh duk inda zaki saya ki fara gangarawa ƙasan shafin ki karanta shekarun da suka rubuta kafin ki sa katinki, dan tikitin irin wannan in an saya da wuya su maida kuɗi, ki je bakin ƙofa da yarinya ta sha kwalliya a ce ku koma ai abin ba daɗi.

Sannan shi wasan kansa. Nutcracker tsohon abu ne, an fara nuna shi a Disambar 1892 a gidan Mariinsky da ke San Pitasbag a Rasha, Tchaikovsky ne ya tsara kiɗan. Wanda kike ganin tallansa a garinku na Birmingham Royal Ballet ne, tsarin Sir Peter Wright na 1990, a gidan wasan Hippodrome suke yi, kuma gaskiya yana da kyau sosai, shi yasa ma nake so ki ajiye mata shi sai lokacin da zata gane abinda take kallo. Kashi biyu ne, wajen awa biyu harda hutun tsakiya, kuma daga farko har ƙarshe ba wanda zai buɗe baki yayi magana, kiɗa ne da rawa kawai. Farkonsa liyafar daren Kirsimeti ce a wani gida, baƙi suna shigowa ana gaisawa ana raba kyauta, an ba wata yarinya Clara ɗan sojan katako mai fasa ƙwaya da baki. Wannan ɓangaren yana da ɗan tsawo kuma masu farar rigar da 'yarki take jira basu fito ba tukun. Daga nan dare yayi, siteji yayi duhu, bishiyar Kirsimetin ta riƙa girma, sai ga ɓeraye manya girman mutum da sarkinsu suna yaƙi da sojoji, harda ƙarar bindiga a cikin kiɗan.

A daidai nan ne na fita da 'yar ƙanwata shekarun baya, lokacin tana da uku da 'yan watanni. Tun da aka kashe fitilu ta dawo cinyata ta cusa hannu cikin mayafina, ɓerayen suna fitowa ta juya baya ta riƙe wuyana tana cewa Anti mu tafi gida, jikinta na rawa. Kujerarmu a tsakiyar layi take, sai da mutum wajen goma suka miƙe muka wuce a duhu, takalminta ɗaya ma can muka baro shi ƙarƙashin kujera sai da aka tashi wata ma'aikaciya ta kawo mana. Sauran wasan a falon waje muka kalla ta wani talabijin, tana shan ruwa tana ajiyar zuciya. Abinda ya fi damuna ba kuɗin ba ne, kusan shekara ta yi in an ce za a je kallo sai ta tambaya ko akwai ɓera.

Abinda zaki nema shine wasan da aka yi dan ƙanana. Northern Ballet na garin Leeds suna da gajerun bale na yara, minti 40 ne, labarai masu sauƙi na dabbobi, suna zagayawa dasu garuruwa, CBeebies, tashar yara ta BBC, ma ta sha nuna su, wataƙila ma irinsu ta gani. English National Ballet kuma suna da My First Ballet, daga shekara 3 ne, akwai mai ba da labari yana bayani ana rawa, yawanci wajen hutun Ista suke yi, kinga lokacin ta cika ukun. In kuma lallai a wannan hutun kike so, ki tambayi makarantun rawa na unguwarku, da yawansu suna yin wasan ƙarshen shekara a ƙaramin hol, kuɗi kaɗan, 'yan kallon duk iyaye ne da ƙanne, yaro ya yi kuka ba mai juyowa ya harare ki, kuma ganin yara 'yan shekara shida bakwai suna rawa ya fi burge 'yar shekara biyu akan ƙwararru da take hangowa can nesa kamar 'yan tsana. Akwai kuma ranakun da suke rubuta "relaxed performance" a jikin tallan, a ranar ana barin fitilu da ɗan haske, ana rage ƙara, ki fita ki dawo yadda kike so. Asali an yi su ne dan masu buƙata ta musamman, toh ki karanta sharaɗin ko ki kira su tukun.

Ki gwada ta a gida kafin ki biya ko nawa ne. Ki sa mata bale a YouTube a talabijin, ki rage hasken falo, ki zaunar da ita gefenki ba waya ba abin wasa, ki duba agogo. In ta yi minti ashirin idonta na kai toh ɗan gajeren zai yiwu. In bayan minti biyar ta sauka tana nata juyin, wannan rawa take so ba kallo ba, ajin rawa na ƙanana da ake shiga tare da uwa zai fi mata amfani. Kallon nan kuma zai baki dama ke da maigida ku ga irin shigar 'yan rawar da labarin, ku yanke ko ya kwanta muku tun kuna gida.

Maganar kujera, bakin layi kusa da ƙofa, ko da ba nan ne ya fi kyan gani ba. Karki ɗauki layin gaba gaba, ƙasan siteji makaɗa suke, ƙara ta yi yawa kuma ƙafafun 'yan rawar ma bazata gani ba. Can ƙololuwar sama kuma matakala a tsaye take, da yarinya a hannu da jaka wahala ce. In kinga tikiti yayi arha fiye da na kusa dashi ki duba, sau da yawa ginshiƙi ko ƙarfe ne ya tare. Kina shiga ki nemi matashin ƙarin tsayi wajen ma'aikata, yana ƙarewa da wuri.

Ki ɗauki wasan rana, wanda bai ci lokacin baccinta ba. Ki lissafa sallah ma, a Disamba wajen ƙarfe huɗu rana take faɗuwa a Ingila, wasan ƙarfe biyu na iya haɗiye miki la'asar ki fito ana magariba, wani dalilin kenan da na minti 40 ya fi sauƙi. Ku je da wuri, in an fara basa barin shiga sai an samu tsaiko. Banɗaki kafin a zauna, fampas da kayan canji a jaka, abin taɓawa wanda ledarsa bata ƙara. Rigar 'yan bale mai tashi ɗin nan kuwa tana ƙaiƙayi in an zauna, ki sa mata kayan da ta saba, ki bar mata waccan ta juyin falo.

Tambaya: Anti ni magidanci ne a Amurka, babbar 'yata shekara shida, ƙaramin wata goma sha takwas. Zamu iya zuwa Nutcracker mu ɗora shi a cinya ba sai an saya masa tikiti ba?

Amsa: Malam, 'yar shekara shida kam lokacinta ne, a kaita. Can wajenku wasan ya zama al'adar ƙarshen shekara, San Francisco Ballet suka fara yin cikakkensa a Amurka a 1944, na George Balanchine a New York ya biyo baya a 1954, yanzu kusan duk babban gari akwai masu yi, dan haka zaka samu na kusa da kai mai sauƙin kuɗi. Amma yawancin gidajen ko jariri ne sai da tikitinsa, wasu ma basa barinsa shiga sam. Shawarata tikiti biyu kawai, ɗayanku ya kaita ɗaya ya zauna da ƙaramin. Kafin ranar ka bata labarin da Hausa tun daga liyafar har yaƙin ɓerayen, ka faɗa mata mutane ne suka sa kaya kuma sojoji ne zasu yi nasara, sannan ka nuna mata in an tsaya da rawa ana tafi, ita ma ta tafa da ƙarfinta.